Kwalbar da ke Firjin Anti Rahila

Laraba, 9 ga Afrilu, bayan La'asar

Mun dawo daga asibiti. Ɗahiru ya sauke ni a ƙofar gida ya wuce shagonsa na Tarauni, ya ce akwai tagogin alminiyom da zai kai Hotoro kafin magariba. Na san babu wasu tagogi. Na shige gida.

A littafin nan kaɗai nake kiran sunansa kai tsaye, don haka zan riƙa rubuta shi yadda nake so.

Shekararmu huɗu da aure. Duk gwajin da ake yi wa mace an yi mini, har wanda ake tura ruwa cikin mahaifa a ɗauki hoto, wanda ya sa na yi kwanaki ina tafiya a dudduƙe. Kullum sai a ce lafiyata ƙalau. Wannan karon Dakta Faruk ya ce ba zai sake taɓa ni ba sai maigida ya yi nasa gwajin. Ya yi. Yau aka faɗa mana.

"Malam Ɗahiru, ba mu ga ƙwayar haihuwa ko ɗaya ba."

Ni dai fankar sama na kalla. Dakta ya tambaye shi ko akwai maganin da yake sha. Ya ce babu, sai allurar nan ta wata-wata. Dakta ya ajiye biro.

Allurar ta samo asali ne tun haɗarin babur da ya yi a shekararmu ta farko, ya bugu a ka. Raunin ya warke, mutumin bai dawo ba. Barci, kasala, shiru. A wani asibitin kuɗi aka auna jininsa aka ce sinadarin maza, testosteron, ya yi ƙasa, aka ɗora shi kan allura. Cikin wata guda mijina ya dawo, da dariyarsa da komai. Babu wanda ya ce mana uffan game da haihuwa.

Dakta Faruk ya ce, "Ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo ƙasa cewa a yi aiki. Buguwar ta raunana wurin da saƙon ke fitowa. Allurar ta ba ka abin da jiki ya rasa, shi ya sa ka ji daɗinta. Amma da jiki ya ga ana kawo masa daga waje, sai ya daina nasa gaba ɗaya. Ƙarfi yana nan, iri babu."

Ɗahiru ya ce, "Shi ke nan ke nan?"

"A'a, ban ce shi ke nan ba."

Alhamis, 10 ga Afrilu, da safe

Jiya ban ƙarasa ba. Dakta ya ce a dakatar da tsohuwar allura, a fara wata mai suna HCG, ƙarama, a fatar ciki, sau uku a mako. Ita ce za ta riƙa kai saƙon da ƙwaƙwalwa ta kasa kaiwa, jiki ya koma yin nasa testosteron da kuma iri. Ya ce za a ɗauki watanni. Ya ce a tsakani, kafin sabuwar ta kama, zai iya jin kasalar nan ta dā ta leƙo, kuma idan ta yi tsanani mu dawo, kada mu yi shiru.

Ɗahiru ya ce zai iya. Da sauri ya faɗa.

Asabar, 12 ga Afrilu, bayan Azahar

Nas ta koya mini yadda ake yin allurar. Gari ne fari a ƴar kwalba, ana haɗa shi da ruwansa, sannan dole ya zauna a firji. Mu kuwa rabonmu da wuta tun shekaranjiya, ga zafin nan da ko tabarma sai ta ƙona mutum.

Na shiga wurin Anti Rahila, maƙwabciyarmu ta jikin katanga. Ƴar Kagoro ce, mijinta ma'aikacin gwamnati, ita kuma tana sayar da zoɓo da kunun aya, don haka sun sa sola saboda firjinta. Na naɗe kwalbar a leda na saka cikin robar man shanu.

"Anti, don Allah ajiya zan ba ki. Magani ne, kada ya yi ƙanƙara, sanyi kawai."

Ta karɓa, ta matsar da robobin zoɓo ta yi masa wuri a jikin ƙofa. "Malama Husaina, duk lokacin da kike so ki shigo ki ɗauka, ko ba na nan." Ba ta tambayi na wane ne ba.

Litinin, 14 ga Afrilu, kafin in tafi makaranta

Na yi masa allurar farko. Ya yi dariya ya ce sauro ma ya fi ni mugunta.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da yamma

Inna, mahaifiyarsa, ta zo daga Darmanawa da ƙullin garin magani. Ta ce wata mata ce ta haɗa, matar da ta sha ta haifi tagwaye bayan shekara tara. A dama a nono, safe da yamma.

"Husaina, ki daure. Mace ba ta zama haka. Ni ba don komai nake faɗa ba, tausayinki nake ji."

Na ce to, Inna, na gode. Gaskiya ne tausayina take ji, shi ya sa abin ya fi nauyi. Ɗahiru yana tsakar gida yana wanke babur, yana jin komai. Ya daɗe a kan tayar baya.

Da ta tafi na ɗora ƙullin a saman kabad, kusa da sauran.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan Magariba

Lafiya lau. Ya ci tuwo, ya yi ƙari.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da hantsi

Bai fita sallar Asuba ba yau, a ɗaki ya yi, ya koma ya kwanta. Ya ce kansa ne. Jiya ma kansa ne.

Na share tsakar gida, na wanke labule duk da ba su yi datti ba.

Alhamis, 1 ga Mayu, bayan La'asar

Ba makaranta yau. Na zauna da shi. Yana kallon bango, ina gyaran shinkafa. Na ba shi labarin yarinyar ajina da ta rubuta cewa babban birnin Najeriya shi ne Kantin Kwari. A dā da sai ya yi dariya har ya buga ƙafa. Ya ce, "Hmm."

Na san wannan mutumin. Na taɓa zama da shi shekara guda. Ban yi kewarsa ba.

Ba komai. Dakta ya faɗa tun farko.

Asabar, 3 ga Mayu, da safe

Allura. Bai yi maganar sauro ba.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan Azahar

Wani Alhaji Bello da ya ba shi aikin tagogin bene ya zo har gida yana sallama. Ya ce ya je shago sau biyu a rufe. Ɗahiru yana ɗaki kwance. Na leƙa daga bayan ƙyaure na ce ba ya jin daɗi. Alhajin ya ce Allah ya sawwaƙe, amma magina suna jira, idan ba zai iya ba ya faɗa a ba wani.

Na shiga na gaya masa. Ya ce, "A ba wani."

Wannan aikin ya yi wata yana murnarsa. Har zanen tagogin ya nuna mini a waya.

Laraba, 7 ga Mayu, da yamma

Zafi. Ba wuta. Anti Rahila ta ba ni zoɓo mai sanyi, ta ƙi karɓar komai. Ta dube ni ta ce, "Kin rame." Na ce zafi ne. Ta ce, "Ina saka ku a addu'a, ke da Malam." Ke da Malam ta ce. Na ɗauki robar man shanu na fito.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan Azahar

Ina wanki na sa hannu a aljihun kaftaninsa na jiya, na taɓa wani abu mai sanyi. Ƴar kwalbar tsohuwar allura ce, ba a fasa ta ba. Jiya da ya ce zai je shago, ashe har kemis ya biya.

Na zauna a bakin rijiya da ita a hannu har kumfar wankin ta kwanta. Babu fushi a raina, na duba ban samu ba. Na goge ta da gefen zanina, na kai ɗaki na ajiye a kan madubi, inda zai gani.

Lahadin dai, bayan Magariba

Ya gani. Ya zauna a bakin gado, ni ina kan sallaya.

"Ban yi ba," ya ce.

"Na ga ba ka yi ba."

"Husaina, jiya na hau tsani in auna taga, sai na ji in na faɗo ma ba komai. Ba wai ina so in faɗo ba. Kawai ba komai. Na sauko na rufe shago."

Na tashi na zauna kusa da shi. Na ɗauko kwalbar na sa a tafin hannuna, na ce, "In kana so, ni zan yi maka ita yanzu da hannuna. Na iya. Wallahi ba zan taɓa yi maka gori ba, ko a raina."

"Haihuwar fa?"

"Ina sonta. Ba zan yi maka ƙarya ba, ina sonta har ban san yadda zan faɗa ba. Amma ban auri jariri ba."

Ya rufe fuska da hannu. Ban taɓa ganin haka ba, kuma ba zan rubuta sauran ba. Da ya natsu ya ce kada in yi. Na ce to amma da sharaɗi, jibi ranar ganin Dakta Faruk ce, mu je da kwalbar, kuma ya faɗa masa maganar tsani da bakinsa. Ya ce kunya. Na ce ni zan fita in ba su wuri. Ya ce a'a, in zauna.

Talata, 13 ga Mayu, bayan La'asar

Dakta bai yi faɗa ba. Ya juya kwalbar a hannu ya ce gara da muka kawo ta nan. Da Ɗahiru ya faɗi maganar tsani, ya matso da kujerarsa ya yi masa tambayoyi a hankali, yana barci, yana cin abinci, ya taɓa tunanin cutar da kansa. Ɗahiru ya amsa duka. Dakta ya ce kada ya sake hawa sama sai ya ba shi izini, kuma ya haɗa shi da wata likita da zai riƙa zama da ita suna magana. Aka ɗebi jini.

Ya ce, "Na gaya muku ku dawo, amma da na kira ku da kaina. Ba dole ba ne sai mutum ya zaɓi ɗaya, ko lafiyarsa ko zuriya."

Juma'a, 16 ga Mayu, da safe

Sakamakon jini ya fito. Testosteron ɗinsa ya ɗan motsa amma har yanzu yana ƙasa sosai. Dakta ya ƙara yawan HCG, sannan ya ce za a mayar masa da testosteron, amma kaɗan, ba irin na dā ba, kuma a asibiti za a riƙa yi ana aunawa. Ya ce matsalar dā ita ce an ba shi ita kaɗai. Idan HCG tana nan tana kai saƙo, aikin ƙasa ba zai tsaya ba. Idan an yi gwajin iri nan gaba ba a ga komai ba, akwai wata allurar da za a ƙara.

Na tambaya ko wannan zai ja lokaci. Ya ce mai yiwuwa. Ya ce ba zai yi mana alkawarin abin da ba ya hannunsa ba.

A hanya Ɗahiru ya ce, "Kin ji, mai yiwuwa ya ja lokaci." Na ce na ji, ina da lokaci.

Laraba, 21 ga Mayu, da yamma

An yi ruwan farko. Na fitar da bokitai. Ya fito ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo, ya ce indararon can ya karkace, gobe zai gyara.

Alhamis, 22 ga Mayu

Bai gyara ba. Ba komai.

Asabar, 24 ga Mayu, da hantsi

Ya gyara. Daga ƙasa, da sanda, bai hau komai ba.

Lahadi, 1 ga Yuni, bayan La'asar

Ya koma shago tun ranar Laraba, rabin yini. Aikin Alhaji Bello ya tafi, an ba wani. Ya faɗa mini da kansa yana cin abinci, bai daina ci ba.

Inna ta kira ni a waya. Ta ce bayan Sallah za ta kai ni wurin wata mata a Hotoro da ke gyaran mahaifa da hannu, ta riga ta yi magana da ita. Na ce to. Ni abin da na iya ke nan, to. Amma wannan kam ina jin tsoro, na ji abin da ake yi a irin wuraren nan.

Ban gaya masa ba. Yanzu ya fara miƙewa.

Asabar, 7 ga Yuni, washegarin Babbar Sallah, da yamma

Mun wuni a Darmanawa ana suyar nama. Gida cike, ƴaƴan yayyensa suna ta guje-guje. Ina bakin murhu ina juya kasko sai Inna ta ce, a gaban matan gidan, "Husaina, ranar Laraba ki shirya da wuri, matar nan ba ta son a makara." Wata ta ce Allah ya sa a dace, ai wancan watan ma ta gyara wata.

Ashe Ɗahiru yana bakin zaure. Ya shigo ya ce, "Wace mata?"

Inna ta ce maganar mata ce. Ya ce, "Inna, ina son ganinki a ɗaki." Ya juyo ya ce ni ma in zo. Na ce nama zai ƙone. Ya ce a bar shi ya ƙone.

A ɗaki ya durƙusa a gabanta, ni ina rakuɓe jikin ƙofa. Ya ce, "Inna, Husaina lafiyarta ƙalau. Tun farko ƙalau take. Ni ne. Tun haɗarin nan ne. Ina kan magani, ita take yi mini allura, ita take ɓoye mini. Babu inda za a kai ta."

Inna ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Wane irin zance ne wannan? A gidanmu babu wannan."

"Ba gado ba ne, Inna. Buguwa ce."

Ta ɗauki carbinta. Ta ce mu tashi mu ba ta wuri. Har muka tafi ba ta fito ba, ƙanwarsa ce ta ƙulla mana nama.

Muka hau babur muka kamo hanya, har muka zo shataletalen Gyadi-Gyadi. Ya ce, "Da tuni ya kamata." Na ce ya kalli hanya.

Laraba, 11 ga Yuni

Ba wanda ya zo ɗaukata. Na tafi makaranta.

Asabar, 14 ga Yuni, bayan Azahar

Ya je gaishe da Inna. Ta amsa, ta tambayi aiki, ba ta tambaye ni ba. Ya ce in ba ta lokaci. Ni ban ƙullace ta ba. Shekara huɗu tana tausayin wadda ba ita ce abin tausayi ba, yanzu ɗanta ne. Ba ta san inda za ta sa fuskarta ba, ni ma a wurinta ba zan sani ba.

Talata, 24 ga Yuni, da safe

Ya tashe ni sallar Asuba, shi da kansa. Dakta ya ba shi izinin hawa tsani. Yana zuwa wurin likitar nan ta magana, ya ce ba ta cika surutu ba, shi take bari ya yi ta yi.

Anti Rahila ta ce firjinta ya saba da robata, ranar da na daina kawowa zai yi kewa. Na ce da saura tukuna. Ta ce, "Ko shekara ce, Malama."

Inna shiru.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan La'asar

Ya kai gwajin iri. Jibi za a faɗa mana. Na ce wa kaina ko me aka ce, akwai allura ta gaba, Dakta ya faɗa. Na ce wa kaina haka a aji, na faɗa a adaidaita, na faɗa ina yanka albasa.

Talata, 15 ga Yuli

Na wanke labule.

Laraba, 16 ga Yuli, da yamma

Dakta Faruk ya daɗe yana kallon kwamfuta. Sannan ya ce, "Akwai."

Ɗahiru ya ce, "Na'am?"

"Akwai. Kaɗan ne ƙwarai, ba su kai yadda ake so ba, ko kusa. Amma akwai, kuma wasu suna motsi. Kada ku je ku sayi kayan jarirai. Za mu ci gaba yadda muke, mu sake dubawa nan da wata uku."

Na ce alhamdulillahi, ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da nas ta leƙo.

Mun fito bakin titi. An yi yayyafi, masu adaidaita suna ta kiran Tarauni, Unguwar Gano. Bai tayar da babur ba. Ya ciro waya ya kira Inna a nan tsaye, ya faɗa mata yadda Dakta ya faɗa, har da kaɗan ne ƙwarai. Ya saurare ta. Sai ya miƙo mini wayar.

"Ta ce a ba ki."

Na goge hannuna a hijabi na karɓa. Na gaishe ta. Ta amsa. Na ji numfashinta, na ji rediyonta a can ciki. Sannan ta kira sunana.

"Husaina."

"Na'am, Inna."

"Kin ci abinci kuwa?"

Na ce a'a, tun safe muke asibiti.

"To ku biyo ta nan. Na yi dambu. Shi in yana da aiki ya sauke ki ya wuce, ke nake son gani."